Dalar wa? Wasiƙa zuwa ga aminina na Maraɗi

Kano,
daren Alhamis.

Alhaji, aminina,

Sanyi ya kankama, hazo ya lulluɓe gari, da safe ko Dutsen Dala ba a hangowa sosai daga unguwarmu.

Wasiƙarka ta iso ta hannun direban nan naku, tare da ƙullin cuku. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Labarin da ya fi faranta mini rai shi ne na ɗiyarmu, cewa ta samu gurbin karatu a Kanada har da tallafi. Na karanta wa mutanen gida wannan layin sau biyu, uwargida ta rangaɗa guɗa. Allah ya sa albarka, ya sa ta je lafiya ta dawo da abin da aka je nema.

Ka yi mini tambaya biyu. Ta farko taka ce: yaya aka yi dalarku ta Nijar, wadda ko ashana ba ta saya, ta zama suna ɗaya da dalar Amurka da duniya ke rububi? Ta biyu ta yarinya ce, tunda da Faransanci ta yi lakwal, ga shi yanzu takardun da ake aiko mata duk Turancin Ingilishi ne cike da lissafin dala, tana tsoron kada ta yi kuskure. Ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi, Alhaji. Shekara talatin na yi da alli a hannu ina koyar da Ingilishi, kuma cikin kalmomin da na bi sawunsu babu wadda ta kai ni nisa kamar wannan. Ka gyara zama, ka sa a dafa shayi.

Ka tuna zuwana Maraɗi na farko? Ka kai ni kasuwa da rana tsaka, muka tsaya wurin wata Bafulatana mai fura a gindin inuwa. Ta dama mini a ƙwarya, nono mai kauri, na sha har na kurɓe. Na ce nawa ne, ta ce dala ashirin. Hannuna ya tsaya cak a bakin aljihu. Kai ka matso ka raɗa mini cewa tamma ɗari take nufi, dala ɗaya tamma biyar ce. Tun daga ranar tambayar nan taka take raina, na kuma daɗe ina tattara amsarta.

Mafarin labarin yana cikin duwatsun da suka raba Jamus da ƙasar Cek ta yau, a yankin da ake kira Bohemiya. A shekarar 1516 aka shiga haƙar azurfa a wani kwari a can. Mahaƙa suka yi ta kwarara, kafin ka ce kwabo gari ya tashi, cikin shekara ashirin ya zama na biyu a Bohemiya bayan birnin Prag. Aka sa masa suna Joachimsthal, ana furta shi Yowakimstal. Sunan gaɓa biyu ne. Joachim shi ne sunan da Kiristoci ke kiran mahaifin Nana Maryam da shi, wanda mu muka sani da Imrana. Thal kuwa a Jamusanci kwari ke nan. Ka ga ma'anar sunan garin ita ce Kwarin Yowakim. Yau mutanen Cek suna kiransa Jáchymov.

Masu ƙasar, wani gidan sarauta da ake kira Schlick, suka fara buga manyan silalla na azurfa wajen shekarar 1520. Kowane ɗaya nauyinsa kusan giram 29, gefe ɗaya hoton Yowakim, ɗaya gefen zakin Bohemiya. Azurfar mai kyau ce, nauyin ba ya canzawa, an kuma buga su da yawan gaske, don haka fatake suka amince da su. Sai aka riƙa kiransu Joachimsthaler. Wannan ɗafin na ƙarshe, er, aikinsa kamar na ɗan ko 'yar ne a wurinmu, yadda muke cewa atamfa 'yar Holan ko mota 'yar Kwatano. To ka san bakin ɗan kasuwa ba ya son doguwar kalma. Yadda 'yar Kwatano ta koma Kwatano kawai, haka Jamusawa suka yar da kan kalmar suka riƙe wutsiya, suka ce thaler. Rashawa kuwa kan suka riƙe, suka kira kuɗin yefimok, daga sunan Yowakim.

Ashe ke nan ma'anar dala ita ce 'yar kwari. Wannan abu yana ba ni mamaki har yau. Kullum a rediyo sai ka ji dala ta hau, dala ta tashi, alhali sunanta daga gangare ya fito. Mu kuma nan Kano muna da Dala mai tudu, wadda tarihi ya ce ta samo suna daga wani mutum da ya zauna a kan dutsen tun zamanin da. Sunayen biyu sun yi kama a rubuce, amma kama da wane ba ta wane, asalinsu daban.

Bari in ɗan ratse, don na san wannan zai ja hankalinka a matsayinka na ɗan Nijar. Da azurfar kwarin nan ta ja baya, sai wani baƙin dutse da mahaƙa ke zubarwa ya zama abin nema. Daga tarkacen dutsen nan na Joachimsthal ne Mari Kuri da mijinta suka gano sinadarin radiyom a 1898, daga baya kuma wurin ya zama mahaƙar yuraniyom, irin arzikin da kuke da shi a Arlit. Kwari ɗaya ya ba duniya sunan kuɗi, ya kuma ba ta wannan.

Daga Bohemiya sunan ya bazu, kowace ƙasa ta lanƙwasa shi daidai harshenta. Mutanen Holan suka ce daalder, na Denmak da Suwidin suka ce daler, Italiyawa suka ce tallero. Ingilishi ya karɓe shi tun wajen 1550, da farko daler, daga baya rubutun ya zauna a dollar. Shakespeare ya sa kalmar a wasansa Macbeth wajen 1606, wurin ambaton kuɗin fansa da wani sarki ya biya. Amurka kuwa sai a 1776 ta ayyana 'yancin kanta. Ka ga mutanen Landan sun ji kalmar a dandalin wasa shekara 170 kafin a haifi ƙasar da yau ake jingina mata ita.

A bakin Turawan Ingila na wancan zamani, dollar ba kuɗin ƙasa ɗaya ba ne. Duk wani babban sule na azurfa na ƙasar waje mai irin wannan girma, sunansa ke nan. Wanda ya fi kowanne yawa shi ne na Sifen, mai darajar real takwas, wanda ake bugawa da azurfar Meksiko da ta dutsen Potosi a Bolibiya ta yau. Turawan da suka zauna a gaɓar Amurka ta Arewa kuɗin Ingila ba ya isarsu, sai suka rungumi na Sifen suna ce masa Spanish dollar. Idan ana neman canji har yanka shi ake yi gida-gida, kowane kashi ɗaya cikin takwas sunansa bit. Shi ya sa har yau tsofaffin Amurka kan kira kwatar dala two bits. Da suka samu 'yanci, majalisarsu ta zaɓi dala a 1785, dokar buga kuɗi ta 1792 ta tabbatar da ita bisa ma'aunin ta Sifen, aka raba ta gida ɗari, kowane gida cent, daga kalmar Latin mai nufin ɗari. Ta Sifen ɗin ma ta ci gaba da zama halattaccen kuɗi a Amurka har 1857. Alamar nan ta $ kuwa, bayanin da masana suka fi yarda da shi shi ne daga taƙaita kalmar pesos ta fito, harafin p da s da magatakardan fatake ke rubutawa da sauri har suka hau kan juna.

Yanzu mu dawo gida, inda labarin ya fi mini daɗi.

Kakata ta wajen uwa tana da wata ƙaramar kwalla da take ajiyewa ƙarƙashin gado. Cikinta akwai murjani, da tsakiya, da wani ƙullin tsumma baƙi. Ranar da take cikin nishaɗi takan kwance ƙullin ta ɗora mini abin da ke ciki a tafin hannu. Sule ne babba, ya kusa cika tafin yaro, mai sanyi, mai nauyi. An laƙa masa 'yar kunne a sama inda ake zura igiya. Gefe ɗaya hoton wata mace ce mai jiki, da lulluɓi a ka. Ɗaya gefen mikiya mai kai biyu. Takan karɓa ta ƙwanƙwasa shi a bakin turmi, ya yi wani amo siriri mai tsawo, ta ce, "Ka ji? Azurfar gaske ba ta yin shiru." Liyari take kiransa. Ta ce na uwarta ne, da shi aka kai ta ɗaki. Da ta rasu, Allah ya jiƙanta, liyarin ya zo hannuna. Yana gabana yanzu da nake rubutun nan, kuma a gefen mikiyar ana iya karanta 1780.

Matar nan ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, kuma wannan sule thaler ne, jikan na kwarin Yowakim. An fara buga mai hotonta a 1741, ta rasu a 1780. Amma fataken Larabawa da na Afirka sun riga sun saba da shi, ba sa karɓar wani, sai aka ci gaba da bugawa da shekarar rasuwarta ba a canzawa. Don haka 1780 da ke jikin na kakata ba ya nuna shekarar da aka buga shi. Nauyinsa giram 28, kashi biyar cikin shida azurfa ce zalla, ga rubutu a kewayen bakinsa yadda in an kankare za a gane. Bayan Biyana ta Ostiriya, an buga shi a Rum, da Landan, da Faris, da Bombai, duk da shekara ɗaya. Amincewar ta kai inda sojojin Ingila da za su shiga Habasha a 1868 sai da aka sayo musu shi daga Biyana, don mutanen ƙasar ba sa sayar da ko hatsi da wani kuɗin.

Ayarin raƙuma ne suka kawo mana shi daga Tarabulus, suka ratsa Sahara zuwa Borno da Agadas da Katsina da Kano, wasu kuma alhazai suka zo da shi ta Sudan. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa dala ɗaya ta azurfa, ta Ostiriya ko ta Sifen, tana daidai da wuri 2,500. Ka duba, Alhaji. A lokacin da kakanninmu ke canza wannan azurfa da wuri a kasuwar Kurmi, takardar dalar Amurka mai koren baya ba ta ma fito ba, sai lokacin yaƙin basasarsu, bayan 1860. Sunan liyari ma baƙo ne da ya yi doguwar tafiya. Daga real na Sifen, mai nufin na sarki, Larabawa suka samu riyal, mu muka juya shi liyari. Riyal ɗin da muke canzawa in za mu Makka ɗan gidan ne.

Da Turawa suka raba mu, kowa ya kawo kuɗinsa, ya hana na da. Amma suna ba ya bin doka. Faransawa suna da babban sule na azurfa na tamma biyar, mai giram 25, wanda a hannu da ido ya yi kusa da thaler. Sunan dala ya zauna a kansa. Mu nan ɓangaren Ingila, babban sulen da ya fi yawo shi ne na sule biyu, fataka, shi ma aka ce masa dala. Daga nan azurfa ta tafi, aka kawo muku sefa a 1945, aka karya darajarta da rabi a 1994, dala tana nan a tamma biyar. Shi ya sa kuke cewa dala ashirin ga ɗari, dala ɗari ga ɗari biyar, jikka ga dubu. Ba ku kaɗai ba ne. Larabcin Cadi riyal yake ce wa tamma biyar, Wolof na Senegal dërëm, daga dirhami. Kowa ya ɗauki sunan babbar azurfar da ya sani ya ɗora wa tamma biyar. Mu kuma da aka yi canji a 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, dalarmu ta koma kwabo ashirin, har ta ɓace daga bakin yara.

To ga amsar tambayarka. Dalarku da ta Amurka 'yan uwa ne na jini, kakarsu ɗaya. Ba takardar Amurka aka gani aka kwaikwayi sunan ba. Suna ne na babban sulen azurfa, ya bi hanyoyi daban-daban, ya sauka a kan kuɗi daban-daban. Kada ka ƙara cewa taku ta bogi ce.

Haka sunan kuɗi yake, yakan daɗe bayan abin da aka raɗa wa shi ya shuɗe. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, ga shi yau jikokinmu ba su taɓa sayen ko ƙuli-ƙuli da wuri ba. Kwabo daga copper ne, wato tagulla. Sule daga shilling, sisi daga sixpence, fam daga pound. Muna cewa wane ba shi da ko anini, alhali an fi shekara hamsin rabon da a kashe anini. Amurkawa ma haka. Kalmar da suka fi kiran dala da ita a hira ita ce buck, wadda bayanin da aka fi sani ya ce daga fatar barewa ta fito, tun zamanin da ake musayar kaya da fatu a dazukansu.

Yanzu ga saƙon ɗiyarmu. Ka ba ta wannan ɓangaren ta karanta da kanta.

'Yata, abu na farko shi ne wurin alamar. Faransanci yakan sa ta bayan lamba, Ingilishi kuwa gaba yake sa ta, amma a baki ita ce ƙarshe. Za ki rubuta $50, ki karanta fifty dollars. In kin sa alamar kada ki ƙara rubuta kalmar bayan lambar, maimaici ne. Kalmar kuma da ƙaramin baƙi ake fara ta a tsakiyar jimla, l biyu, ta ƙare da ar. Wajen furuci kin huta, yadda mutanen Amurka da Kanada ke faɗinta ya yi kusa ƙwarai da dalar da kika tashi da ita, sai dai su ƙara ɗan r a ƙarshe.

Abu na biyu, kuma shi ya fi haɗari gare ki, waƙafi da ɗigo. A lakwal an koya miki waƙafi shi ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, 1,5 ɗaya da rabi ke nan. A Ingilishi aikin ɗigo ne wannan, waƙafi kuwa dubbai yake rabawa. In kin ga $1,500 dala dubu ɗaya da ɗari biyar ce. In kin ga $1.50 dala ɗaya da rabi ce. Duk fom ɗin da za ki cike, ki duba wannan sau biyu kafin ki sa hannu. Haka kuma billion na Ingilishi shi ne milliard na Faransanci, miliyan dubu. Billion na Faransanci ya ninka shi sau dubu.

Na uku, jam'i. Mu muna cewa dala ɗaya, dala biyar, kalmar ba ta motsi. Su kuwa daga an wuce ɗaya sai an ƙara s: one dollar, five dollars. Amma idan adadin ya zo yana siffanta wani abu, s ɗin sai ta faɗi, a sa karan ɗori: a five-dollar bill, a fifty-dollar fee. Sannan duk yawan kuɗin, in dunƙule shi aka yi a matsayin farashi ɗaya, aikatau na tilo yake ɗauka: fifty dollars is enough. Ɗalibaina sun fi faɗawa ramin nan, suna ganin s sai su sa are. Ga million kuma, in akwai lamba a gabansa ba ya ɗaukar s, two million dollars ake cewa. Sai in ba a faɗi adadi ba ake cewa millions of dollars.

Na huɗu, kunne. Mai gidan haya zai iya ce miki fifteen hundred, ɗari-ɗari sau sha biyar yake nufi, wato 1,500. Fifteen da fifty kuma suna ruɗa baƙo in an faɗe su da sauri. Ba abin kunya ba ne ki ce a rubuta miki. Za ki ji ten bucks, dala goma. Za ki ji two grand, dala dubu biyu. A Kanada sulen dala ɗaya sunansa loonie, saboda hoton wani tsuntsun ruwa mai suna loon da ke jikinsa tun fitowarsa a 1987, na dala biyu kuma da ya biyo baya a 1996 suka ce masa toonie. Takardar kuɗi a can bill ce, a Ingila note. In an ce wani ya biya top dollar, ya saya da tsada ke nan, farashin ƙoli. Duk waɗannan na hira ne. Ki gane su, ki yi amfani da su da ƙawaye, amma wasiƙar jami'a ko ta banki dollars za ki rubuta cikakke.

Na biyar shi ne wanda nake so ya zauna miki ko kin manta sauran. Duk inda kika ga kalmar nan ko alamarta, ki tambaya: dalar wa? Ƙasashe fiye da ashirin ne ke kiran kuɗinsu dala. Kanada ta fara buga tata a 1858. Ostireliya ta bar fam ta koma dala a 1966, Niyu Zilan a 1967. Akwai ta Singafo, ta Jamaika, ta Laberiya, ta Namibiya. Ko kuɗin Habasha, birr, a Ingilishi Ethiopian dollar ake rubuta shi har 1976. Kowace da darajarta. Shi ya sa bankuna ke amfani da haruffa uku, USD ta Amurka, CAD ta Kanada, AUD ta Ostireliya. Takardar da ta fito daga jami'ar Kanada ta sa $ kawai, ta Kanada take nufi, kuma a 'yan shekarun nan ta Kanada tana ƙasa da ta Amurka. Idan babanki zai je wurin 'yan canji, ku tabbatar wacce ake magana tun daga gida.

Alhaji, wannan na ƙarshe da idona na ga aikinsa. Wani tsohon ɗalibina mai sayar da kayan waya ya zo mini bayan magariba, ransa a ɓace, da takarda a hannu. Ya yi ciniki da wani kamfani a Hong Kong, a waya sun daidaita a kan kusan dala dubu, ga shi an aiko masa da takardar biya ta 7,800. Ya riga ya shirya zafafan kalmomi, so yake in juya masa su zuwa Turanci. Na jawo fitila, na sa tabarau, na bi takardar da yatsa. Gaban alamar akwai wasu ƙananan haruffa biyu, HK. Na ce masa ya zauna. Dalar Hong Kong tun 1983 aka ɗaure ta da ta Amurka, kusan 7.8 ke yin ɗaya. Muka buga lissafi a wayarsa, ya fito dala dubu ta Amurka cif. Yaron ya yi shiru, ya share zufa, ya ce, "Malam, da na ɓata da mutanen kirki a banza." Haruffa biyu suka kusa raba shi da abokan cinikinsa. Wani kuwa ta ɗaya gefen abin zai zo masa, ya sa hannu a kan albashi yana lissafi da ta Amurka, sai ya isa ya tarar ba haka ba.

Akwai abin da nake ta juyawa a raina game da duk wannan. Kakata tana gwada liyarinta da kunne da tafin hannu, darajarsa tana jikinsa, ko sarauniyar ta mutu ko daularta ta rushe azurfa tana nan azurfa. Dalar yau ba ta da ko ƙwayar azurfa. An cire azurfa daga ƙananan silallan Amurka a 1965, a 1971 kuma Shugaba Nixon ya yanke igiyar da ta ɗaure dala da zinariya. Abin da ya rage takarda ce da yarda. In ka je Wapa nan Kano za ka ga ɗan canji ya ɗaga takardar dala ɗari yana duba hoton Benjamin Franklin, yana tambaya mai ƙaramin kai ce ko mai babban kai, tsohuwar bugu ko sabuwa mai shuɗin zare. Aikin da kakata ke yi a bakin turmi shi yake yi, neman abin da zai amince da shi. Ni da kai mun ga lokacin da dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba, wajen 1980. Sunan bai canza ba daga lokacin zuwa yau. Abin da ke bayan kuɗinmu ne ya canza, abin da muke nomawa da ƙerawa da sayarwa, da amanar masu riƙon baitulmali. Wannan yana damuna, don na ga yara sun tashi suna ambaton dala kamar wani abin tsafi, suna raina abin da ke aljihunsu. Ina so ɗiyarmu ta tafi da sanin cewa dala kalma ce mai tarihi kamar kowace kalma, an haife ta a wani ƙauyen mahaƙa, ta kuma kwana a kwallar kakanninmu tun kafin a yi jirgin da zai ɗauki yarinyar.

Ka ce ta Kano za ku bi idan lokacin tafiya ya yi. To gidana za ku sauka, ba na son jin wata magana. Ɗakin baƙi yana nan a share. Zan fito da liyarin in ɗora mata a tafin hannu, ta ƙwanƙwasa shi a bakin turmin uwargida ta ji amonsa. In ta so, a sa masa sabuwar igiya ta tafi da shi, ta dawo mini da shi tare da takardar digiri. Kafin nan, ta aiko mini da hoton takardar tallafin ta waya in duba mata lambobin ɗaya bayan ɗaya.

Ka gaishe da Hajiya da kyau, da su Malam na masallacin ƙofar gida, da duk wanda ya tambaye ni. In Bafulatanar nan ko 'yarta tana nan a gindin inuwar, ka sha ta dala ashirin a madadina, in har yanzu ana damawa a haka.

Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
amininka na Kano.